Datsun a Masussukar Kawu Sallau

Ranar da Falalu ya shigo kasuwar Talatar Mafara da motar nan, ina tsaye a rumfata da cinyar sa a hannu, sai na ji ham a bayana har wuƙa ta kusa suɓuce mini. Na juya zan sauke wa mai ham ɗin kwandon zagi, sai ga haƙoran taubashina a bayan sitiyari. Falalu ɗan kawuna Sallau ne, ni ɗan mace shi ɗan namiji, don haka tun muna yara gaisuwarmu ba ta cika sai da baƙar magana.

"Ɗan Juma, barunde mai ƙarnin jini," in ji shi, "wanke hannu ka taho ka ga arziki. Amma kak ka taɓa ta da maiƙo."

Na ce, "Motaw wa kas sato? Ka hwaɗi gaskiya tun 'yan sanda ba su ishe ka nan ba."

Fara ce sol, ƙofa huɗu, fitilu huɗu zagayayyu a gaba, kujeru har da ledarsu. Datsun ce, wadda direbobi ke kira wan-eti, an rubuta 180B a bayanta. Rundawa 'yan'uwana suka bar nama ga ƙudaje suka kewaye ta. Shi kuwa gogan naka ya buɗe bonet ya fara jero asalinta, yadda dillalin shanu yake jero asalin bajimi idan ya ga mai saye ya fara laushi.

Ya ce a ƙasar Japan aka ƙera ta, sunan gidansu Bulubad, wai shuɗin tsuntsu ke nan. Kakar kakarta ta fito ana saura shekara guda a ba mu mulkin kai, ita wannan ita ce ta biyar a zuriyar. Ba ta kai manyan nan na masu sarauta girma ba, ta kuma fi wan-tuwanti ta 'yan tasi jiki, ita tsaka-tsaki ce. Silinda huɗu gare ta, giya huɗu da ribas, ƙafafun baya ke tura ta, ƙarfinta ya kusa na doki casa'in, nauyinta ya ɗara tan guda. Ya nuna mana kafireto, ya nuna fulogi, ya nuna lagireto, yana shafa kowanne. Wani tsoho ya tambaye shi ko dawakin suna ciki ne, aka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, amma ba ta kai ciki ba, don na san abin da aka sayar aka sayo ta.

Shanun gidan Kawu Sallau ne kaf. Biyu daga cikinsu ma ni na saya, da hannuna na feɗe su. A lokacin ana tsakiyar aikin dam na Bakolori, katafila ta baje gonaki da makiyaya, hanyoyin ruwa na siminti sun yanke burtali, saniya ta fita kiwo ta dawo da yunwarta. Wannan Kawu ya gani da idonsa, shi ya sa da Falalu ya ce a mai da garken mota tun kafin ya zama ƙashi da fata, tsohon ya ce a yi. Abin da bai yarda da shi ba shi ne ɗaya zancen, wai za a tare gulbi, ruwa ya cinye tungarsu da ke bayan Dosara, ya zauna a kanta har abada.

Gaskiya motar ta yi rana. Leburori da makanikai da masu abinci sun cika ƙasar, kowa da albashi a aljihu, kowa yana sauri. Falalu ya ɗebi mutane daga Mafara zuwa bakin dam, daga can ya zarce Maradun, ran kasuwa ya leƙa Bakura. An ce motar ta mutum biyar ce, amma na sha ganin tara a ciki da akuya a but. Kullum da safe sai ya wanke ta kafin ya wanke fuskarsa, har matarsa Kaltumi takan ce da ana ba mota tuwo, da ita za a fara zuba wa.

Da aka tashi mutanen tungar aka kai su sabon matsuguni, sai motar ta tashi daga abin ado ta koma gona. Wurin da aka ba su tudu ne mai tsakuwa, ka kafta fartanya ta yi tsalle ta dawo maka. Mutanen da suka saba da shinkafa da albasa da rogon fadama suka tsaya suna kallon ƙasa ja. Gidan Kawu baki ya fi goma, ga matan 'yan'uwa ga jikoki, kuma duk abin da ya shiga tukunyar gidan daga ƙarƙashin bonet ɗin nan ya fito. Ran da motar ta kwana a gareji, ran nan kunu aka sha.

Kawu Sallau kaɗai ya ƙi tashi. Aka aika tifa ta kwashi kaya da mutane, ya ce shi ba tsakuwa ba ne da za a loda shi a tifa. Ya zauna a bukkarsa shi da tunkiya biyu da rediyon da ba batir, ya shuka shinkafarsa kamar kowace shekara. Mutumin nan a bakin gulbi aka yanke masa cibi, ya san ruwan fiye da yadda na san haƙarƙarin sa. Yakan ce ruwan damina baƙo ne: ya zo, ya hau fadama, ya kai gindin kanyar da ke ƙasan gari, ya kwana biyu, ya yi sallama ya koma, ya bar maka taki tukwici. Haka ubansa ya gani, haka kakansa. Idan suna son sanin ko baƙon ya fara haramar tafiya, sai su kafa kara a bakin ruwa da safe, su dawo da la'asar su duba.

Ƙarshen daminar saba'in da takwas aka ce an rufe ƙofofin dam. Wata safiya Falalu ya tsaya a rumfata, ba ham, ba zagi, abin da ya sa na san da magana.

"Taho ka raka ni mu ɗauko Baba," ya ce. "Ya ce in dai cikin mota ta, shina zuwa. Kai ɗan ƙanwatai na, shina jin kunyakka, ba shi canza magana gabanka."

Na bar wa maƙwabcina rumfa muka kama hanya. Tungar tana kan ɗan tudu, kafin ka hau sai ka ratsa wani kwari mai yashi. Da muka iso kwarin akwai ruwa, amma iyakarsa idon sawu. Falalu ya sa giya ɗaya ya ratsa a hankali, yana yi wa motar magana ƙasa-ƙasa. Garin ya zama kufai, an cire jinkaye da ƙofofi, sai katangu tsirara. Muka tarar da Kawu a kan buzunsa yana gyaran igiya.

Wanda ya san tsofaffinmu ya san ba a ɗaukarsu da gaggawa. Muka durƙusa.

"Ina kwana, Kawu?"

"Lahiya lau, Ɗan Juma. An tashi lahiya? Ina gajiya? Ina uwakka? Ƙahwat tata ta yi sauƙi? Ƙaƙa kasuwa? Ƙaƙa iyali? Ƙaƙa ruwa wajenku?"

Sai da ya tambayi kowa har jaririn da bai taɓa gani ba. Sannan ya ce ba a barin gida da yunwa, ya dama mana fura da kansa. Sannan ya ce sai ya yi sallama da mutanensa, muka bi shi maƙabarta, ya tsaya a kan kabarin ubansa, ya tsaya a kan na Inna Marka matarsa, ya yi addu'a mai tsawo. Wa zai ce masa ya gaggauta a nan? Daga nan azahar ta yi, ya ce sallar ƙarshe a masallacin garin ba za ta wuce shi ba, ko da masallacin ba rufi. Falalu yana ta duban rana. Kafin a ɗaure tumaki a tura su but, a naɗe buzu, a nemo butar da ta ɓata, inuwa ta fara tsawo.

Da muka gangaro kwarin, sai Falalu ya taka birki. Ya fita, ya naɗe wando ya shiga. Ruwan ya kai masa cinya.

Ya dawo fuskarsa ba daɗi. Ya ce iyakar abin da motar za ta iya rabin taya ne, ko ya ɗara kaɗan. In ruwa ya toshe salansa za ta mutu a tsakiya, in kuwa ya kai kafireto ya shiga inji, to an gama. Ya ce bari ya bar mu nan ya yi iyo ya haye, ya nemo tarakta ko majiya ƙarfi da itatuwa a ɗauke ta tun yau.

Kawu ya leƙo ta taga ya dubi ruwan, ya dubi sama, ya yi murmushi irin na wanda yaro ya kawo wa labarin dodo.

"Kai dai da gaggawa, Falalu. Ruwan ga na jiya na, wanda anka yi can gabas. Yanzu ɗai yas sauko. Baƙo na. Ka ja ta da tarakta cikin wanga yashi, ka ɓalle mata ƙahwa a banza. Hau da ita bisa masussuka, nan ne tudun da yaf hi ko'ina. Tun da Allah yay yi garin ga ruwa bai taɓa wuce kanya ba, balle shi ga masussuka. Kwana kaɗan kwarin ga na bushewa, ka tuƙa abinka ka hita."

Falalu ya dube ni. To me zan ce? Ni ma a bakin gulbin nan na yi wasan ƙasa, na sha ganin ruwa ya zo gindin kanya ya juya. An faɗa mana an rufe dam, mun ji da kunnenmu, amma a ranmu mun ɗauka ruwan zai taru ne can wajen bangon, inda muka ga ana aiki. Ba wanda ya taɓa ganin gulbi ya hau bai sauka ba. Ga shi kuma uba ya yi magana a gaban ɗan ƙanwarsa. Falalu ya sa ribas, ya hau da ita har tsakiyar masussuka, inda ake casar shinkafa, ƙasa mai tauri kamar daɓe. Ya rufe gilasai, muka lulluɓe ta da zana.

Wani masunci, Balarabe, ya haye da ni a jirginsa. Kawu ya ce tunda mota ba ta tafi ba shi ma yana nan, Falalu kuma ya ce ba ya barin su su biyu, tsohon da motar.

Na koma tungar bayan an ci kasuwar Talata, da ɗan nama da gari. Tun daga nesa na ga abin ya canza: Balarabe bai sauke ni a bakin kwari ba, sai da ya tuƙa har kusa da katangun gari. Kanyar tana tsaye cikin ruwa zuwa ƙugu. A gefen tudun ga karare a jere, wanda aka kafa jiya ruwa ya sha rabinsa, na shekaranjiya sai kansa ake gani, na gabansu babu su. Falalu ya rame. Kullum da safe yakan tayar da motar ta yi ɗumi don kada batir ya mutu, ya kashe, ya je ya kafa sabon kara.

Kawu na tsugune a bakin ruwan. Bayan mun gaisa, gaisuwar da ta fi kowacce gajarta tsakanina da shi, sai ya tsinki ganye ya jefa. Ganyen ya tsaya cak inda ya faɗa.

"Ɗan Juma, diba," ya ce. "Ruwan gulbi ja na, shina gudu, shina kumfa, shina ɗauke da itace. Wanga ba shi tahiya ko'ina. Kwance ɗai shi ke, shina kumbura. Ban san wanga ruwa ba."

Tunda nake ban taɓa jin Kawu ya ce bai san wani abu na gulbi ba. Tausayinsa ya kama ni har na kasa dubansa.

Daga nan aka shiga fafutuka. Falalu ya haye ya je wajen masu manyan injuna, suka ce ba abin da zai iya shiga wurin yanzu, ko katafila nutsewa za ta yi. Aka ce a ɗaura mata gangunan mai a yi mata gado ta taso. Muka bi Mafara da Bakura muna roƙon ganguna, abin da muka samu bai taka kara ya karya ba, kowa ya mai da nasa randa. Balarabe ya zo ya zagaya motar, ya girgiza kai, ya ce ko an samu gangunan, ƙarƙashin ruwan nan duk katangu ne da kututture, abu mai nauyin tan in ya karkata ba mai tare shi. Kafin a gama shawara, damshi ya biyo ta ƙasa, masussukar da ke kamar daɓe ta yi laushi, tayoyin suka fara zama.

Na ja Falalu gefe. Wannan karon ba wasa a bakina.

"Taubashi, ji nan. Mu rundawa, in saniya ta hwaɗi cikin laka ta kasa tashi, ba mu tsayawa kuka. Wuƙa muka sa mata tun da ranta, kada ta zama mushe a yi biyu babu. Kira makanike a hidda injin, a hidda giya, a kwashe abin da jirgi ka iya ɗauka. Gangaj jiki a bar ma ruwa."

Ya dube ni kamar na ce a yanka ɗansa.

"Kai komi nama na gare ka," ya ce. "Lahiyatta lau, Ɗan Juma. Ko tari ba ta yi. Yau da sahe bugu guda ta tashi. In an hwarke ta, wa ka maida ta? Inji ba jiki mi za ya ba mu? Baba ya ce in kaka ta kama, ko wane irin ruwa na sai ya ja baya."

Na san ba maganar Baba ce ta riƙe shi ba. Bai iya ganin an sa mata sifana ba ne, ita da ko ƙwarzane babu a jikinta. Na yi fushi, na faɗa masa maganganu, ya faɗa mini, muka rabu ba sallama.

Kaka ta kama, aka yanke gero a tudu, ruwa bai ja ba. Ran da Falalu ya aiko a kira ni da makanike, ruwan ya riga ya shiga masussuka ya kai gindin ƙofofi. Muka tsaya cikinsa muna aiki da lalube. Makaniken ya kwance batir da lagireto da kafireto da fitilu, muka ciro kujerar baya. Inji kuwa ana buƙatar a kafa itace uku a rataya sarƙa a ɗaga shi, ƙasar kuma ta zama kunu, duk inda aka kafa sai ya nutse. Muka gwada har hannuwa suka yi jini. La'asar sakaliya makaniken ya goge hannu ya ce a yi haƙuri.

Falalu ya rufe bonet a hankali. Ya zagaya ya murɗa gilasai har sama, ya kulle ƙofofin huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya gwada kowacce ya tabbata ta kullu, ya sa makullin a aljihu. Ban yi masa dariya ba. Kawu ya shiga jirgi da kansa ba wanda ya roƙe shi, ya zauna a kan kujerar motar, bai waiwaya ba har muka haye.

Bayan wani lokaci masunta suka ce rufinta kaɗai ake gani, farin abu a tsakiyar ruwa, tsuntsaye na sauka a kai. Daga baya suka daina ambatonta.

Kayan da muka ceto ba su kai gidan ko'ina ba, an ci su kafin rani ya raba. 'Yan'uwan Falalu suka watse, wani Gusau, wani Ikko, matansu suka koma gidajen iyaye. Falalu ya nemi tuƙi a wajen masu motoci, amma aikin dam ya ƙare, leburori sun tafi, direbobi sun fi fasinja yawa. Ƙarshe dai garwa biyu ya samu da sanda, yana ɗebo ruwa daga tafkin yana sayarwa a sabon gari, don tudun da aka ba su ko rijiya ba ta yi. Mutumin da ya san asalin mota tun daga kakar kakarta, ga shi da gammo a kafaɗa. Na daina tsokanarsa, shi ma ya daina ce mini barunde, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Kawu kuwa jikinsa bai faɗi ba, kansa ne ya tsaya wuri guda. Aka jingina masa kujerar motar a ƙofar gida, nan yake wuni. Amma kullum da sassafe sai ya ɗauki kara ya dogara sandarsa har bakin tafki, tafiya mai nisa ga tsoho, ya kafa, la'asar ya koma dubawa. Da rani ruwan yakan ɗan ja, kamu ɗaya ko biyu, sai ya dawo da fara'a. Da damina ya mayar har da ƙari.

Zuwana na ƙarshe kafin rasuwarsa, da rani ne. Na kai masa 'yar tsoka, muna zaune yana tambayata mutanen da suka daɗe a ƙasa, sai ga Falalu ya dawo da garwa, rigarsa jiƙe, ya sauke yana haki. Tsohon ya kira shi da hannu, ya rage murya kamar mai ba da albishir.

"Falalu, na diba yau. Ya ja da taƙi guda. Na ce maka baƙo na, ya hwara haramat tahiya. Makullin na nan wurinka ko?"

"Shina nan, Baba."

"To ka aje shi da kyau. Kwarin na bushewa ka tai ka ɗauko ta, kak ka bari rana ta ɓata mata fenti."

Falalu ya dubi ƙasa. Na ga hannunsa ya tafi aljihu ya taɓa abin da ke ciki.

"To, Baba," ya ce.

Ya gyara gammo, ya saɓa garwarsa, ya koma ɗebo ruwa.